Kalmar da Jaki Ya Amsa

Ƙarfe huɗu daidai, tsohon malamin makarantar nan da ake yi wa laƙabi da Ƙamus ya buɗe taga, ya fuskanci katangar maƙwabcinsa mai wanki, ya ɗaga murya: "Himar!" Shiru. "Punda!" Shiru. "Burro!" Ko tari.

Shekara tara ke nan yana wannan fama. Ya tara sunan jaki a harsuna ɗari huɗu, kuma ya kafe a kan magana ɗaya: a cikinsu akwai uwar kalmomin, sunan asali, wanda jaki da kansa zai amsa in ya ji. Ya san mai wanki na ɗaure jaki a bayan katanga, amma bai taɓa leƙawa ba, wai haɗa ido yana ɓata bincike.

Tsofaffin abokan aikinsa suka mai da shi abin dariya. Ran nan ya dawo gida ya ƙi abinci, ya zauna yana hawaye, abin tausayi wallahi. Matarsa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki bokiti ta nufi igiyar shanya a gindin katanga.

A ranar ce ya kira kalma ta ɗari uku da bakwai, ta wasu mutanen tsibiri, sai kukan jaki ya tashi daga wajen katanga. Kuka fa na gaske, har da shessheƙa a ƙarshe! Kashegari ma haka. Wata biyu cur jakin bai saɓa ba. Ƙamus har ƙiba ya yi. Ita kuwa matar murya ta dishe, kullum tana fama da zuma da ruwan ɗumi.

Sai ya gayyato masu dariyar nan su biyar. Matar ta kawo musu ruwa, ta juya za ta fita, Ƙamus ya dakatar da ita.

"Ina zuwa? Zauna ki shaida. Yau babu shanya."

Ta ɗosana a bakin kujera.

Ya kira kalmar. Shiru. Ya sake. Gumi ya keto masa, baƙi suka fara taɓa juna.

Mai wanki ya leƙo ta saman katanga. "Malam, in jakina kake kira, ai tun bara na sayar. Keke na saya."

Dariya ta ɓarke. Ƙamus bai juyo ba. Ya riƙe taga da hannu biyu, ya kira a karo na uku.

Matarsa ta ajiye faranti, ta gyara murya, ta runtse ido, ta amsa da kukan nan mai shessheƙa.