Motar da Ta Iya Hawa Dutse

An yi wani direba da ya shekara talatin yana kai da kawowa tsakanin Kano da Maiduguri, hanyar da ko ƙwai ka ajiye a kanta ba zai gangara ba. Da ƙarfinsa ya ƙare, sai aka zo faɗaɗa titi, aka bi ta kan gidansa. Abin da ya rage masa a duniya, daga matarsa sai wata tsohuwar bas. Ya cire kujeru, ya kafa gado, suka tare a ciki. Ba a ce fada ba ce, amma ruwa ba ya dukansu, ba kuma mai zuwa ya ce su tashi.

Ana nan sai ya ji labari wai a kan tsaunin Mambila masara ta fi ƙarfin injinan niƙa. Ya ƙudurta zai ɗora injin niƙa a kan 'yar ƙaramar tirela, ya riƙa jansa kasuwa-kasuwa, gida a gaba, sana'a a baya. Aka ce masa sanyin can har ɓargo yake shiga, sai ya liƙe cikin motar da soso, ya bi da katako, ya toshe kowace kafa da tsumma. Aka ce hawan ba na wasa ba ne, ya sa aka dasa mata injin wata matacciyar tifa, aka ƙara sifirin, mai walda ya liƙa mata ƙugiya mai kaurin damtsen ɗan dambe. Bakaniken da ya yi aikin ya leƙa ƙarƙashi, ya ce, "Baba, birkin nan fa ya girme ni."

Ya ce, "Kai dai ɗaure notinka. Hawa zan yi. Wa ka taɓa gani ya hau dutse da birki?"

Ta kuwa hau. Ya riƙa wuce manyan motoci suna nishi, yana danna musu oda. A can ƙoli, cikin hazo, jama'a na karkarwa, shi yana zaune da 'yar shara yana kurɓar shayi. Ya dubi matar ya ce, "Hajiya, kin dai ga aikin sani." Sai dai wanda ya halicci dutse bai yi shi da gefe ɗaya ba, kasuwar farko kuwa a cikin kwari take. Da suka kama gangara, tirelar da take biye da su cikin ladabi ta fara turo su. Ya taka birki, ƙauri ya tashi. Ya sake takawa, ƙafarsa ta tarar da ƙasa. Ya daka wa matar tsawa ta dira, ya bi bayanta. Motar ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai, da gado da tukwane da komai.

Tun daga wannan dirar, ƙugun Hajiya bai sake ɗaukarta ba. Yanzu tana kwance a wata rumfar aro a bayan tasha, iska na shiga ta ko'ina, shi kuma yana wanke motocin mutane da ruwan da ke daskarar da yatsu. Duk wanda ya tsaya, sai ya ba shi labarin cewa har motar ta kai ƙasan kwarin injinta bai mutu ba. In ya zo nan, matar takan juya fuskarta bango.

Masu iya magana sun riga sun gama zancen: garin neman gira, an rasa ido.