Wayar da Ta Ƙi Baƙo

Tsohon akawun asibiti ya tarar da baƙo yana danna wayar ofis.

"Daga hedikwata nike, Baba. Sabon saiti zan sa mata."

Akawun ya matso kusa. Ta wayar nan ake faɗin hanyar da motar 'yan rigakafi za ta bi zuwa Bagega, wanda ya sauya saitinta kuwa zai ji komai. Ya san da kanta take ɗauko saiti ta intanet, kuma sai ta ga hatimin hedikwata take karɓa.

Wayar ta mutu, ta dawo. Akawun ya bi rubutun da ya fito a fuskarta da yatsa, harafi bayan harafi. Ta ƙi hatimin saitin baƙon.

"Ɗana, wa ka ce ya aiko ka?"

Ƙarar babur ce ta amsa masa, baƙon ya tsere.