A Kori Mai Wannan Layin

Dogo na zaune a gaban kwamfuta. Wata shida ke nan yana aikin sa-kai a wata manhaja da kowa ke iya sa hannu ya gyara, ba don komai ba sai don ya burge shugabar aikin, wadda teburinta ke kallon nasa, wadda kuma sonta ya hana shi sakat.

Yau ta faɗo gasassa. Ya gano layin da ke sa manhajar ta daskare, ya gyara, sannan ya rubuta a dandalin masu aikin: "Ko akuya ce ta taka madannai, sai ta fi mai wannan layin iya rubutu. A kore shi!"

Ya miƙe yana gyara wuyan riga. "Ranki ya daɗe, kin ga saƙona?"

"Na gani, Malam Dogo. Mutum arba'in sun goyi bayanka."

Daɗi ya kusa kashe shi.

"Sai dai ka san kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi." Ta juyo masa da kwamfutarta. "Gudummawarka ce ta farko. Za ka fita da kanka, ko in taimaka maka?"