Wadda Ke Riga Kowa Fara Waƙa

"Mama, ki riƙa jiranmu mana," in ji shugaban mawaƙa. "Kullum sai kin riga kowa ɗaga murya."

Tsohuwar ta ce ta ji. Ba ta gaya masa cewa tun rasuwar mijinta, a coci kaɗai muryarta ke haɗuwa da ta wani ba.

Ranar Lahadi ta koma bencin baya, ta ja bakinta ta yi gum. Mai kiɗa ya kai inda ake shiga waƙa. Shiru. Ya sake zagayowa, ba wanda ya motsa leɓe.

Sai kawuna suka fara juyawa wajen zamanta na da. Wayam.

Shugaban mawaƙa ya hango ta can baya.

"Mama," ya ce, "ke muke jira."