Wainar Japan a Isa

Ƙarfen da ke tsakiyar teburin ya riga ya ɗau zafi kafin su zauna. Amiru ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya dubi ƙofa.

Bai so wannan tafiya ba. Hanyar Sabon Birni zuwa Isa ta daina zama hanyar da mutum zai bi saboda kwaɗayi. Matarsa Hadiyya ce ta nace. Wata takwas ke nan ba ta roƙe shi komai ba, tun ranar da 'yan bindiga suka tare mota kusa da Gatawa suka shiga daji da yayanta Hafizullahi. Da ta ce tana son ganin sabon gidan abincin da ake ta labarinsa, bai sami bakin hana ta ba.

Mai wurin, Hajiya Tani, ta kawo kwano cike da kwaɓin fulawa da ƙwai, an yanka kabeji siriri a ciki. Ta juye a kan ƙarfen, ta baje shi da faffaɗan cokali. Tururi ya tashi tsakaninsu.

"Wainar Japan muke ce mata," in ji Hajiya. "Sunanta na can ya fi ƙarfin harshena."

Amiru ya san sunan. Mutum ɗaya ne ya taɓa faɗa masa shi. Hafizullahi ya je Japan kwas ɗin noman shinkafa, ya dawo da wannan waina a kansa. Duk Juma'a sai ya ɗora faifan ƙarfe a murhu a tsakar gida ya yi wa iyali, ana ta yi masa dariya, ana kuma miƙo faranti.

Amiru ya gaya wa kansa cewa yanzu kowa na koyon girki a waya. Ba wani abu ba ne.

Hajiya ta sa cokula biyu ta juya wainar, ta shafe ta da wata baƙar miya mai kauri, ta barbaɗa busasshen kifi da aka fere kamar takarda. Zafi ya sa kifin ya riƙa motsi yana lanƙwashewa kamar mai rai. Daga nan ƙanshin ya iso masa: daddawa, tsamiya da zuma.

Wannan kam babu shi a waya, babu shi a Japan. Hafizullahi ne ya ƙirƙiro shi da ya rasa miyar can a kasuwar Sakkwato.

"Hajiya, ina kika koyi wanga haɗi?"

"Ba ni ke haɗawa ba. Wani bawan Allah ne a ciki. Sati uku ke nan da ya zo mana, daga daji."

Ta wuce wani tebur. Gumi ya tsattsafo a bayan Amiru. Kowa ya san mutanen daji kan sa waɗanda suka kama su yi musu girki. Wanda ya zauna a can har ya koyi haɗin miya, to ya ji wasu abubuwan ma.

A lokacin ne ya lura da mutum biyu a teburin bakin ƙofa. Wainarsu ta ƙone a kan ƙarfe, babu wanda ya taɓa ta. Ɗaya yana sanye da babbar riga duk da zafin rana, hannunsa na dama yana cikinta.

"Tashi mu tafi," ya raɗa wa matarsa.

"Ba mu ci ba, Baban Fadima."

"Za ni saya miki wani abu a tasha. Wurin ga bai yi mini ba."

Hadiyya ta yanki wainar ta kai baki. Ta tauna a hankali, hawaye na gangaro mata, amma ta sake yanko wata a natse. Ya yi mamaki. Matar da ta suma sau biyu ranar da ya kawo labarin rasuwar. Shi ne ya yi ta magana da mutanen dajin a madadin dangi, shi ya dawo ya ce sun ce Hafizullahi ya cika, shi ya zauna a tabarma kwana uku yana karɓar gaisuwa. Babu wanda ya ga gawa.

Ya lalubi wayarsa a aljihu, ya fasa. Ya auna tazarar da ke tsakaninsa da taga, sai ya ga an gitta mata ƙarfe. Mai babbar riga ya gyara kujerarsa har ta tokare ƙofar. Sauran masu cin abinci sun ragu, bai san lokacin da suka fita ba.

Labulen madafa ya motsa.

Mutumin da ya fito ramamme ne, yana jan ƙafar hagu, furfura ta cika masa gemu. Yana riƙe da kwanon miya da hannu biyu. Sai da ya iso har gaban teburin ya ajiye kwanon sannan Amiru ya gane fuskar.

Ya miƙe, kujerar ta kife a bayansa. Mutanen bakin ƙofa ma suka miƙe, sai a lokacin ya gane jami'an tsaro ne.

"Yaya Hafizu... Alhamdu lillahi. Ai mu an ce mana..."

Hafizullahi ya kashe wutar da ke ƙarƙashin ƙarfen, ya tsaya yana kallonsa.

Hadiyya ta ajiye cokalinta, ta share fuska da gefen mayafi. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Zauna, Amiru," ta ce. "Yaya ya ce ranar da suka tare motar ba su tambayi sunan kowa ba. Waya suka buga, suka buɗe murya, kai kuma ka ce musu wanda ya sa farar hula ne."