Hular Baba Maazou

Baba Maazou ya ajiye kofin shayi, ya dafa hularsa, ya ce, "A soke shi kawai. In da ta ni ne, gobe."

Juma'a ce bayan an sauko masallaci, a fadar hira da ke bayan shagon gyaran waya na Sabo a Vaulx-en-Velin, inda ƴan Nijar ke taruwa su sha shayi su gyara duniya da baki. A tele, ƴan majalisa na ta nuna juna da yatsa. Ɓangare guda na so a soke katin da ke ba marasa takardar zama damar ganin likita da karɓar magani, ɗayan ɓangaren ya kafe. Saura mako uku a jefa ƙuri'a.

Samarin fadar ba su taɓa damuwa da zancen ba. Yawancinsu ɗalibai ne a Villeurbanne, kowa da takardarsa a aljihu. Rauda, wadda ke karatun jinya, ta yi wata biyu tana bin su da takardar koke, ta samu sa hannu goma sha ɗaya. Huɗu daga ciki na ƴan ɗakinsu ne.

Shi kuwa Baba Maazou, shekara talatin da ɗaya ke nan yana Faransa, kuma kowa ya yarda ya fi Faransawan Faransanci. Ba ya tsallaka titi sai wuta ta ba shi hannu, ko da babu mota ko ɗaya. Bai taɓa shiga bis bai buga tikiti ba. In ya hango ƴan sanda a bakin metro sai ya sake hanya, wai ba ya son takura wa masu aiki. Garinsu Tessaoua kuwa bai sake taka ta ba, zafin can ba ya yi da jininsa. Sau biyu ana yi masa tayin kujerar Makka, sau biyu gwiwa na hana shi.

"Ku ƴan boko me kuka iya?" in ji shi. "In an ce manif, a fito zanga-zanga, ku ce jarrabawa. Ku tara duk Lyon ɗin, ko kar guda, doguwar motar nan, ba za ku cika zuwa Paris ba."

Abdoul Razak, mai karatun injiniya, ya buɗe baki ya sake rufewa. Mutumin sa'an ubansa ne. A gida aka hana shi mayar wa babba magana, kuma hanin ya biyo shi cikin jirgi. Ya haɗiye amsar tare da shayin. Da aka watse ya bi Rauda har tashar bis.

"Ba ni takardar nan taki."

Juma'ar da ta biyo Baba ya ƙara gishiri. Ya yabi ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin, ya ce ko ɗaurin kwalarsa na masu ilimi ne. Ya karanto musu sassan dokar da ka, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda Rauda ba ta san da shi ba. Sannan ya dafa hula ya yi musu nasiha.

"Manif ɗin ran Talata ce, ƙarfe uku na rana, a gaban majalisa. Na faɗa muku ne don kada ku wahalar da kanku. Ruwa ma za a yi."

Aka ci gaba da shan shayi. Amma amsar da baki ya kasa bayarwa sai ta sauka ƙafa. Abdoul Razak ya bi ɗakunan ɗalibai ƙofa ƙofa. Sabo ya fara riƙe wayar duk wanda ya kawo gyara sai ya sa hannu. Aka kira ƴan uwa masu dako a rumbunan Aubervilliers, can gefen Paris. Ba marasa takarda ne a ran kowa ba sosai, fuskar tsohon suke son gani.

Ranar tafiya kar uku suka cika. Baba Maazou ya zo kallo, ya tsaya can nesa, gefen da babu motar ƴan sanda. Rauda ta leƙo ta taga.

"Tonton, akwai wuri guda. Zo mu kai ka ka gaida mai kwala."

"Ni da zanga-zanga? Allah ya sawwaƙe. Ku dai riƙe lema."

An yi ruwan kuwa. Sun tsaya cikinsa awa huɗu tare da likitoci da ƴan ƙungiyoyi, tawadar allunansu na zuba. Da yamma ƙudurin ya faɗi da ƙuri'u kaɗan. Babu mai cewa kar uku daga Lyon ne suka kayar da shi, ban da Abdoul Razak, wanda har yau haka yake ba da labarin.

Ranar Juma'a fadar ta cika tun kafin a ɗora buta. Aka ba Baba kujera mai kyau, aka miƙa masa kofin farko, kowa na kallon ƙasa yana danne dariya. Ya kurɓa, ya girgiza kai.

"Kun lalata wa mutane ƙasa. Allah ya shirye ku."

"Amin, Tonton," in ji Rauda.

Bai jira kofi na biyu ba. Ya ce allurar sukarinsa ta kusa ƙarewa. Akwai farmasi a jikin shagon Sabo, amma Baba bai taɓa shiga ba, wai ba su da fara'a. Ya hau bis, ya buga tikiti, ya sauka, ya hau wata, har can ƙarshen gari inda ba a jin Hausa.

Mai farmasin ta san shi shekara da shekaru. Ta ɗauko allurar daga firji tana tambayarsa ko ya ga labarai, ko hankalinsa ya kwanta.

"Yaran sun yi ƙoƙari," in ji shi. "Sai da na tura su dai."

Ya waiga, ya ga babu kowa a bayansa. Sannan ya cire hular, ya zaro katin marasa takarda mai ɗauke da hotonsa daga cikin naɗinta, ya miƙa mata.