Tsomi Biyu a Shinsekai

Kafin hantsi ya dubi ludayi, Sumie ta gama da fadar Osaka. Ta taka matakala har hawa na takwas saboda layin lif ya yi tsawo, ta leƙa birnin daga sama, ta yanke hukuncin cewa ba laifi. Shekarunta sittin da uku, yau ne farkon zuwanta, kuma ba ta ga dalilin yi wa gini ƙarya ba.

Daga nan ta shiga kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido a Dotonbori. Ta roƙi wata mata ta ɗauke ta hoto, ta ɗaga yatsu biyu kamar yadda ta ga ana yi. Ta ci takoyaki, wani soyayyen ƙullin fulawa, a tsaye a bakin gada, ya ƙona mata harshe, ta cinye duk da haka. Kwana biyu ta kama ɗaki a otal, kuma ta ƙudura cewa a cikin kwana biyun nan ko cokali ba za ta miƙa wa kowa ba.

Abu ɗaya ya rage a tsarinta. Da la'asar ta ninke taswirarta, ta bi wani lungu a unguwar Shinsekai zuwa shagon kushikatsu mai kujeru tara, inda ake soya nama a tsinke cikin ƙullin fulawa. Mai shagon, Genzo, ya yi suna wajen kwarara wa duk wanda ya ɗaga labule "Sannu da zuwa!" har makwabta su ji. Sumie ta rantse ba za ta bar wurin ba sai ta sami nata rabon gaisuwar.

Ta ɗaga labule. Genzo ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe.

Ta tsallake kujera ta biyu ta zauna a ta uku. An yanka kabejin da ke kan kantar shagon kamar da gatari. Kwanuka sun yi tudu a wurin wanki. Maza huɗu da ke zaune suka sami abin kallo mai muhimmanci a cikin kofunansu, in ban da Horiuchi, tsohon direban tasi, wanda bai taɓa koyon yin shiru ba.

"Yaya, daga ina haka, har da taswira?"

"Daga fada. Sun ce a gaishe ka."

Ta ce a ba ta na saniya uku da ƙwan salwa ɗaya. Genzo ya soya, ya ajiye farantin can ƙarshen kanta, nesa da ita, ya juya baya. Sumie ta naɗe hannuwa. Horiuchi ya yunƙura zai miƙo mata.

"Zauna, Horiuchi. Kai ma baƙo ne."

Farantin ya yi minti biyu yana hucewa kafin Genzo ya turo shi gabanta da bayan hannu, idonsa a kan mai.

A gabanta akwai kwanon miya na kowa da kowa, a bango kuma dokar da ko yaron goye a Osaka ya sani, an rubuta ta da harsuna huɗu: tsomi ɗaya ne, wanda ya gatsa ba ya mayarwa. Sumie ta tsoma, ta gatsa, ta tauna a nitse. Sannan ta mayar da gatsattsen naman cikin miyar, ta juya shi sosai don kada a ce kuskure ne.

Wani ya shaƙe da giyarsa.

Genzo ya ɗauke kwanon, ya tuttular da shi, ya ciko sabo daga tulun da ke ƙarƙashin kantar. Sumie ta yaba da haƙurinsa a zuci, ta ɗauki tsinke na biyu, ta maimaita.

Wannan karon sai da ya karkata tulun sosai kafin kwanon ya cika, kuma ya daɗe yana kallon abin da ya saura a gindinsa.

Ta ɗauki na uku, ta tsoma, ta gatsa, ta riƙe shi a saman kwanon.

"Ke!" in ji Genzo.

"Ke wa? Haka ake kiran baƙi a shagon nan? A otal ɗinmu har rusunawa suke yi."

"Oga, ka faɗa mata kawai," in ji Horiuchi. "Mu ma da miyar nan muke ci."

Genzo ya dubi tsinken, ya dubi tulun, ya goge hannu da tawul ɗin wuyansa duk da cewa ba abin gogewa.

"Sannu da zuwa."

"Mai yana ƙara. Ban ji ba."

"Sannu da zuwa!"

Labulen ƙofa har sai da ya motsa. Sumie ta janye tsinken, ta cinye shi, ta bi da ƙwan salwa, tsomi ɗaya kamar mai tarbiyya. Ta goge baki, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta waiwaya.

"In ka yi tattali, miyar za ta kai ka gobe da rana. Daga nan sai ka tuna abin da ake zubawa a ciki. Ni sai jibi."

Ta fita ta inda ta shigo, ta tsaya tana nazarin labulen daga waje. Ya koɗe fiye da yadda ta zata. Shekara talatin da takwas tana auren Genzo, tana haɗa masa miya da yanka kabeji a bayan kantar nan, tana kwana a ɗakin da ke samanta, amma sai yau ta shiga shagon ta ƙofar gaba.